Rasuwar Jakadiya, Kwamfutar Zumunci ta Woodbridge

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da nauyin da baki ba ya iya faɗa, Injiniya Misbahu Garba Ringim na Woodbridge yake sanar da 'yan uwa na nan Amurka, da na gida, da na Sudan, rasuwar Jakadiya, kwamfutar da ta ɗauki shafin zumuncinmu a intanet shekara bakwai. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, a ɗakin ƙasa na gidansa, kusa da injin wanki.

Misbahu ya sayo ta a 2004 a gwanjon kayan wani ofis da ya rufe. Dalilin sayenta kuwa mahaifiyarsa ce, Hajiya Hasiya, wadda ƙanwarta Furera ta bi ayarin alhazai ta ƙasa da mijinta, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ya buɗe shafi inda Hausawan da suka yada zango a Gadarif da Mai Wurno na ƙasar Sudan za su rubuta sunayen kakanninsu da garuruwan asali. A wata na tara wani malamin makaranta a Gadarif ya rubuto cewa akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙuli a unguwarsu, kullum cewa take ita 'yar Ringim ce. Ashe Furera ce. Ranar da 'yan uwan nan biyu suka ji muryar juna, Hajiya ta sauko ƙasa duk da ciwon gwiwarta, ta shafa kan kwamfutar, ta sa mata albarka.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Ba ta taɓa tambayar baƙo fasfo ba. Maganarta ba ta wuce "huuum" na fankarta, sai "ƙit-ƙit" in saƙo ya shigo.

Ciwon ajalinta ya zo ne a wasiƙa, daga kamfanin da ke ba ta layin intanet. Sun bincika sun ga an mayar da rajistar shafin ga ƙungiyar Hausawan Gadarif, malamin nan ne ke kula da shi daga can. Suka ce dokar takunkumin da aka sa wa Sudan ta hana su yi wa mai wannan adireshi hidima. Kwana uku suka bayar.

Misbahu ya yi ta buga musu waya daga cikin cunkoson babbar hanya, muryoyi masu ladabi suna miƙa shi ga juna. Washegari ya tafi garin Largo wurin Kaneng, lauya 'yar Jos, tsohuwar maƙwabciyarsu.

"Ana neman izini na musamman," in ji ta, "amma magana ce ta wata da watanni. In kuwa ka canza suna ka ɓoye ta a wani kamfanin, kai doka za ta hau. Ga takardar zamanka ba ta fito ba, Misbahu. Ka tuna da Hajiya da 'ya'yanka mata."

Bai jira kamfanin ya yanke layin ba. Da hannunsa ya zare wayar, ya tsaya har fankar ta yi shiru. Ga masu ta'aziyya yana cewa takunkumi ne ya kashe ta, amma tun ranar bai iya cin abincin kirki ba.

Ta rasu ta bar sunaye dubu ɗaya da ɗari da arba'in, da gidaje sittin da uku da ta haɗa, da Hajiya wadda har yanzu ba a gaya mata ba. Ta kuma bar saƙon ƙarshe: wata mata a Mai Wurno ta shekara biyu tana neman dangin mahaifinta, amsa ta iso daga Haɗejiya a safiyar ranar rasuwar, ba a kai ga liƙa ta a shafi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a garejin gidan. Za a ciro faifan ajiyarta a naɗe a farin ƙyalle, gangar jikin kuma a kai wurin da hukuma ke karɓar tsofaffin kayan lantarki. Ba a buƙatar abinci. Duk wanda ya zo za a ba shi sunaye goma a takarda, ya kira da bakinsa, domin Kaneng ta tabbatar doka ba ta hana gaida dangi a waya ba.

Misbahu ya ɗauki na matar Mai Wurno. Lambarta ce ba shi da ita. Wanda ya san wani a garin, don Allah ya zo da wuri.