Ranar da Na Tura Ango Cikin Tur'a

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Bashir, ƙanen maigidana, ba. Shi ma bai manta ba, kuma ba ya barin kowa a ƙauyenmu ya manta.

Sai na fara faɗa muku wani abu. Bayan gidajenmu, a gefen Kamlin, akwai tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonakin auduga. A cikinta ɗiyata ta fari ta rasu tana tatata. Ina shanya ne, na juya baya kaɗan. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Da Allah ya ba ni Usman, sai na zama abin kallo. Garwashin jabana, tukunyar dafa gahawa, na ɗora shi kan katanga. Kalanzir da maganin feshi na rataye su a rufin ɗaki. Bokiti ko na wanke hannu ne ba ya kwana da ruwa. Da yaron ya fara tafiya kuwa, na samo tsumma mai tsawo, in zan yi aiki in ɗaure ƙafarsa da ƙafar angarib, gadonmu na igiya. (Na sani. Akuyarmu ma ta fi shi 'yanci.)

Ranar auren aka ba ni suyar kisira, wainar dawa marar kauri. Ba a goya yaro a gaban wuta, don haka na kai shi ɗakin Inna, surukata, na ɗaure shi kamar kullum, na ba shi dabino. Na koma ga hayaƙi da surutun mata, har kaina ya ɗauki zafi.

Can wata baƙuwa daga Abu Hujar ta ce, "Ke, ina ɗan naki? Ban gan shi ba tun da na zo."

Na shafa bayana. Babu kowa. Na ɗaga ido, sai ga wata kafa a darni ta wajen tur'a, ga ɗan takalmi guda yashe a bakinta.

Ban tuna da tsumma ba. Ban tuna da komai ba. Na yar da ludayin ƙullu na kwasa da gudu, mayafi a hannu, na ratsa tsakiyar rumfar maza ana shirin cin abinci, ina ihu. Dattawa suka miƙe. Samari suka riga ni isa ruwa. Bashir kuwa, da farar jallabiyarsa sabuwa da lallen ango a hannu, ko takalmi bai cire ba ya faɗa.

Suna lalube cikin laka sai muka ji muryar Inna daga baya.

"Ya jama'a, mi kuke nema?"

"Usman, Inna! Ya faɗa ruwa!"

"Wane Usman? Wanda ke barci ƙarƙashin gadona, an ɗaure shi kamar ɗan maraƙi?"

Zanin gado ne ya rufe shi. Dabinon ma yana hannunsa. Takalmin kuwa na ɗan maƙwabta ne, kuma ya fi ƙafar Usman girma nesa ba kusa ba.

Bashir ya fito yana ɗigar da baƙar laka, ciyawa a kunne. Ya dube ni ya ce, "Matar yaya, in ba ki son in yi aure ai sai ki faɗa mini da baki." Dariya ta fashe. Ni dai na ja mayafi na rufe fuska, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Na ɗauka iyakar kunyar ke nan. Sai da Inna ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce a hankali, "Kin san sunan da kike kira kina gudu?"

Na ce Usman.

"A'a. Zainabu kike kira."

Sunan da ban taɓa furtawa ba tana raye, don kunyar ɗan fari, shi na yi ta kwaɗawa a gaban surukaina maza. Kowa ya ji. Kuma har yau ba wanda ya taɓa sa wannan a cikin tsokana.

Inna ta kwance tsumman da hannunta, ta naɗe shi. "Kin yi daidai da kika fara da ruwa," in ji ta. "Amma wannan tsumman kalas, ya ƙare. Wata rana a wuya zai naɗe shi. In za ki yi aiki, ki miƙa shi hannun mutum, ki kira sunan mutumin ya amsa. Mu ma muna da ido, ɗiyata. Mu ma mun rasa ta."

Washegari, maimakon hutun angwanci, Bashir ya tara samari suka saro ƙaya. Suka toshe kafar, suka bi bayan gidaje duka da shinge, aka yi ƙyaure mai sakata sama inda hannun yaro ba ya kai.

Usman yanzu ya fi ni tsawo, Bashir ne ma ya koya masa iyo. Abin da na koya shi ne, yaro ya ɓace a fara duba ruwa, wannan ba na ja da baya. Sai dai kafin a tura ango, a aiki mutum ɗaya ya leƙa ƙarƙashin gado.