Rundunata ta Cikin Kwalin Ashana

Komai zan manta, ba zan manta da ranar da sufeton makarantu ya shiga ajina a unguwar Krofrom ta Kumasi ba. Shekarar 1970 ce, gwamnatin Gana na korar baƙi marasa takardun zama, ana ta loda maƙwabtanmu na Zongo a motoci ana mayar da su Nijar da Najeriya. Ni a Kumasi aka yanke mini cibiya, amma kullum hedimasta sai ya ce, "Tica, takardunka fa?" Sufeton nan shi zai ce in zauna ko in bar aiki.

Sai na ƙudurta zan ba su darasin da ba su taɓa gani ba.

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwar bishiya. Idan ka ɓantare ɓawonta za ka ga wasu 'yan halittu kamar kunama, amma ba wutsiya, ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Na sha ganinsu sun taru a kan ƙaton cinnaka, wannan ya riƙe ƙafa, wancan ya cafke ƙaho, har sai ya daina motsi, su ci tare da 'ya'yansu. Na kwashe su a kwalin ashana. Cinnakun kuma na zuba su a wani kwalin, na jefa a aljihun wando. (E, aljihun wando. Kar a tambaye ni.)

Innata ta ce, "Kai, ƙwari za ka kai wa babban mutum?"

Na ce, "Inna, sojoji ne."

A gaban aji na buga ƙirji na ce, "Yara, yau za ku ga yadda ƙanana ke kayar da babba idan sun haɗa kai!" Ina faɗa ina kallon hedimasta ido cikin ido.

Na juye rundunata a kan tebur. Da suka ga haske, kowa ya ja da baya ya nemi tsagar katako ya shige. Ko ɗaya bai tsaya ba. Na cusa hannu a aljihu in ɗauko abokan gaba, ashe kwalin ya buɗe tun a hanya.

Cinnaka bai san na gida ba. Cizon farko na daure. A na uku na ƙwala "Agyeei!" ina tsalle ina dukan cinya. Wata yarinya ta ce, "Tica na rawa!" Ajin ya ɗauki tafi. Sufeto ya cire tabarau yana share hawaye, ya ce, "To, su wa suka ci yaƙin?"

Ina riƙe da wando na ce, "Yallaɓai, ba a gama ba."

Bai kore ni ba. Ya ce makaranta na bukatar mai taurin kai irina. Hedimasta kuwa shekara biyu yana kirana Tica Cinnaka, ni kuma ina amsawa da ƙarfi.

Har gobe ina nan a kan bakana: 'yan halittun nan jarumai ne, kallon jama'a ne ba sa so. Abin da na koya kawai shi ne, in za ka fita yaƙi, kar ka ba abokin gaba masauki a wandonka.