Ƙwallo Ukun da Na Ci wa Italiya a Gubuchi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Gubuchi ba za su bar ni ba. A damanar da aka yi gasar kofin duniya a Ingila ne, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Ina sabon malami a elementare, amma ji nake kamar ni Turawa suka danƙa wa ƙasar. Ga wandon kaki, ga biro biyu a aljihun gaba (ɗaya ba ya rubutu), ga Turancin da ya ishe ni in razana 'yan aji uku.

Ana nan sai Dagaci ya ce Baturen gona zai riƙa zuwa kan maganar auduga, ana neman tafinta, kuma wanda aka ɗauka za a ba shi keke. Keke fa! Ni da nake taka sayyada har Makarfi duk ranar kasuwa. Kowa ya ce ai ba sai an nema ba, ga Malam. Har na zaɓi inda zan riƙa jingine shi.

Wani direba ya kawo mini tsohuwar jarida daga Zariya mai bayanin gasar, na haddace ta tas. Alhaji Sale mai mazarƙwaila ne kaɗai ke da rediyo a garin, don haka a bangon rumfarsa na zana taswirar Ingila da gawayi (ta fi kama da rogo), na sa wa garuruwan da za a buga wasa alama: Landan, Libaful, Manchasta. Na riƙa kwatanta filayen kamar a can aka yanke mini cibiya, alhali ko Kaduna sau ɗaya na taɓa zuwa. A gefe kuma na jera wanda zai ci da wanda za a lallasa.

Ranar wasan Italiya da Koriya ta Arewa, a wani gari da har yau harshena ya kasa faɗar sunansa, na bugi ƙirji na ce, “Koriya? Wa ya san su? Uku za su sha, ku rubuta ku ajiye.”

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarmi, sai ga Dagaci da kansa. Aka gaisa, ya zauna, ya ce, “Malam, na zo in ji yadda kake juya Turanci kafin Bature ya iso.”

Turancin littafi na sani. Shi kuwa Baturen rediyo zuba yake kamar ruwan sama a kan kwano, ga hadari ya sa akwatin sai ƙara yake. In ban da “Italiya” da “Koriya” ba abin da nake tsinta. To me zan yi? Sai na kara kunne, na ɗaure fuska, na shiga buga nawa wasan.

“Ga ɗan Italiya ya ɗauko! Ya yanke ɗaya! Ya yanke biyu!”

Gab da hutun rabin lokaci filin ya kaure da ihu. Nan take na yi lissafi: masu kallo Turawa, 'yan Italiya Turawa, wa za su yi wa ihu in ba ɗan'uwa ba? Na miƙe na ce, “Italiya ta ci!” Aka yi ta tafi. Bayan mun dawo daga sallar isha'i aka sake ihu har sau biyu, ni ma na ƙara biyu. Uku cif, kamar yadda na faɗa. Dagaci yana ta gyaɗa kai, ni kuwa har na fara jin sirdin keke a jikina.

Da aka tashi wasa, sai wani tsoho mai sayar da rake, Baba Audu, ya yi gyaran murya daga bakin tabarma.

“Malam, ba gyara nake maka ba. Amma shi Baturen rediyon cewa ya yi Koriya ce ta ci ɗaya, Italiya ba ko ɗaya. Mutanen garin ma Koriya suke yi wa ihu.”

Na yi dariya har da riƙe ciki. “Baba, wannan Turanci ne fa, ba cinikin rake ba.” (Allah ya yafe mini.)

“Haka ne, ɗana,” in ji shi. “Shekara ashirin na yi ina kuku a gidan Turawa a Zariya. Wataƙila kunnen ne ya tsufa.”

Dagaci ya dubi Alhaji Sale kawai ya ce, “Murɗo mana Hausa.”

Na zauna ina addu'ar batir ya mutu. Bai mutu ba. Aka yi labarin siyasa, aka yi na taki, can ƙarshe mai karatu ya ce Koriya ta Arewa ta ba duniya mamaki, ta fitar da Italiya da ci ɗaya da nema.

Sai Alhaji Sale ya ce, “To Malam, su waɗannan ukun, a wace raga suka shiga?”

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Kudan. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Dagaci dai bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, “Allah ya tsare mu. Da haka za ka ce mana Bature ya ce mu shuka auduga da rani. Audu, gobe ka same ni a gida.”

Ranar da Bature ya zo, ni na jera 'yan makaranta a bakin hanya suna tafi. Baba Audu ya zo wucewa a kan sabon keke, ya rage gudu, ya ce, “Sannu da aiki, Malam.”

Tun daga nan na koyi kalmomi uku da ba a koya mana a kwaleji ba: ban ji ba. Da na faɗe su, kunyar minti ɗaya zan sha. Ban faɗa ba, na yi shekara huɗu ina zuwa Makarfi a ƙasa, duk wanda ya wuce ni a kan keke sai ya tambaye ni nawa da nawa aka tashi.