Rasuwar Bunsuru, Keken da Ke Zuwa Ƙarshe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, Lojze Kramar na ƙauyen Dolca, tare da abokan hawansa na yammacin Laraba, yana sanar da rasuwar kekensa na hawa dutse, wanda kowa ya sani da Bunsuru. Rai ya yi halinsa Larabar da ta wuce, rana na shirin faɗuwa, a tsakiyar hawan tudun Kozjek. Ya rasu yana da shekara ashirin da shida.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne, kada wani ya zo gidan makoki ya yi mana ƙarya. Ga nauyi kamar buhun dankali, ga sarƙa mai kuka ko yanzu aka ba ta mai. Amma bai taɓa ƙin tudu ba, bai taɓa kayar da kowa don mugunta ba.

Asalinsa na Bojan ne, yayan Lojze, wanda ya fara tara mutane wannan hawa. Bojan ya kafa doka guda: shi ne na ƙarshe kullum, wanda tayarsa ta yi faci da wanda ya gaji duk suna gabansa. Waɗanda suka riga kaiwa sama sai su tsaya gindin tsohon itacen tuffa, fuska ga gangare. Ba mai sauka sai an ji ƙararrawar Bunsuru sau biyu, ƙirin-ƙirin, wato kowa ya iso. Da an ji sai a sake birki, domin gangaren ta kurmi yake bi kuma duhu yana saurin shiga can. Shekara da shekaru ba a ƙirga mutane, ba a waiwaye.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Bojan. Lojze ya gaji keken, ya gaji matsayin zuwa ƙarshe. Keken ya fi ƙarfin tsayinsa, har Stane, babban mai tsokana a cikinsu, yakan ce ya zo a sa masa tsani. Lojze ba ya ko son hawan. Amma duk Laraba in ya danna ƙararrawar nan, muryar yayansa yake ji, kuma ita kaɗai ta rage masa.

Jinya ta faro da tsaga a ƙarfen ƙarƙashin sirdi. Sau biyu mai walda yana ɗinke ta, a karo na uku ya ce a bar tsoho ya huta. Metka, wadda a farfajiyarta ake cin burodi da cuku bayan hawa, ta ce ga kekenta na biyu, mara nauyi, ya ɗauka. Lojze ya ƙi.

Ranar rasuwar, su bakwai ne. A tsakanin gonakin inabi, shidan sun sha kwana sun ɓace masa, Lojze ya ji ƙas! a ƙarƙashinsa. Ƙarfen ya rabu biyu. Ya faɗi, gwiwa ta kurje, ƙararrawa ta fizge ta gangara cikin ciyawa. Ya tsince ta ya sa a aljihu. Yana tsaye a kan gawar, sai ya ji daga can sama, tar da ita: ƙirin-ƙirin. Sannan ihun abokansa, suna sauka.

Babu wani mai ƙararrawa a cikinsu. Stane yakan ce ta masu zuwa cefane ce.

Ba su farga ba sai da Metka ta jera kofi bakwai, ɗaya ya rasa mai ɗauka. Suka koma da mota, suka same shi yana ɗingishi, rabin keke a kowace kafaɗa.

"Kai, tsoho, ai ka buga mana," in ji Stane. "Na rantse a bayan kunnena na ji."

Lojze ya ciro ƙararrawar daga aljihu ya nuna masa. "Ni ma na ji," ya ce. "Daga wurinku ta zo."

Tun ranar Stane bai tsokani kowa ba. Metka ta ce Bojan ne ya sallami ƙaninsa, ya ga ya gaji. Mai walda ya ce a gode wa Allah da ƙarfen bai jira gangare ba. Lojze yana jin su, yana gyaɗa kai. Ba tsoro ke cinsa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne an buga cewa kowa ya iso alhali shi yana can baya a hanya. Yayan da bai taɓa barin baƙo a baya ba, ya ƙirga mutane bai sa shi a ciki ba.

Marigayin ya bar sirdi ɗaya, tayoyi biyu masu sauran kwana, famfon iska, da ƙararrawar da ba wanda ya ƙara dannawa. Ya kuma bar Lojze.

Za a yi jana'iza Laraba mai zuwa. A haɗu a gidan Metka ƙarfe biyar da rabi, a hau kamar kullum, a rataye marigayin a reshen tuffar da ya saba isa. Ba a buƙatar furanni. Lojze zai kawo shi da ƙafa, don haka zai daɗe, kuma shi ne zai zo ƙarshe.

Roƙonsa ɗaya ne ga masu halarta. In kun ji ƙararrawa, kada ku sauka. Ku waiwaya, ku jira har sai kun ga fuskarsa.