Ranar da Tumbin Darakta ya fito a ƙuri'a

Ba zan taɓa mantawa da gwangwanayen madara biyu da suka kusa hana ni komawa gida ba. Lokacin ina koyar da Faransanci a wata koleji a Malbaza, amaryata Hadiza kuwa tana Konni. Takardata ta neman canjin wurin aiki tana kan teburin Darakta, sa hannunsa kawai take jira.

Ɗaki ɗaya muke da Mushe Sule, malamin lissafi (Mushe ake kiran malami namiji a can, daga Faransanci). Muna da wata 'yar na'urar wasa da ake jonawa a talabijin, wadda ya sayo a kasuwar Konni. A jikin kaset ɗinta an rubuta wasanni sun fi dubu, amma in ka duba biyar ne ake ta sauya musu suna. Sule ya ce in dai sa suna ne aikin, ai mu ma gwanaye ne. Sai muka yanka takardu muka zuba a gwangwanaye biyu, ɗaya na jarumai, ɗaya na abokan gaba. Kullum bayan la'asar, muna shan shayi, sai mu zaro ɗaya nan ɗaya can mu haɗa. Haka muka samu "Albasa Mai Babur da Jandarmomi Bakwai", da "Kunamar Alela da Surukarta". Har tsara yadda wasan zai kasance muke yi, wai wata rana mu za mu ƙera shi (mu da ko kunna kwamfuta sai an nuna mana).

Wata rana Darakta ya yi mini faɗa a kan makara. Na dawo da haushi, na rubuta "Tumbin Darakta" na jefa cikin jarumai. Mun yi dariya, na manta.

Da aka zo shirya gasar ƙwallo tsakanin azuzuwa, ni aka ba aikin ƙuri'a. Don in burge mai sa hannu, na rubuta sunayen azuzuwa da kyakkyawan rubutu, na zuba a wasu gwangwanaye biyu. Irin madara ɗaya muke sha, kun ga ke nan. Da safe na suri biyu na fita.

Aka tara ɗalibai a gindin tuta. Darakta mutum ne mai natsuwa da babbar murya, kuma ɗabi'arsa ce ya karanta abu da ƙarfi kafin ya fahimce shi. Ya sa hannu a gwangwani na farko, ya warware takarda.

"Akuyar Dogarawa," in ji shi. Ya juyo ya dube ni. "Mushe, wane aji na wanga?"

A nan ne ya kamata in ce an yi kuskure. Amma tsoro ya sa na ce ai yara ne suka raɗa wa ƙungiyoyinsu sunaye. Ya gyaɗa kai, har ya yaba da basirarsu. Ya zaro ta biyu, ya sanar cewa Akuyar Dogarawa za ta kara da Aljanun Tasha. Yara suka yi ta tafi, 'yan wani aji ma suka fara gardamar su ne akuyar. Na hango Sule a baya ya rufe fuska da littafi, kafaɗunsa na rawa.

Ni dai addu'a nake yi. Takardu sun kai arba'in a ciki, wasa huɗu kawai za a fitar, ina laifin waccan ta tumbin ta ɓuya a ƙasa? A zagaye na uku ya gyara tabarau, ya ɗaga murya.

"Tumbin Darakta..."

Ya ƙura wa takardar ido. Filin ya yi tsit, ban da wata malama da tari ya sarƙe. Abin da ya fi kashe ni, bai tsaya ba. A hankali ya sa hannu a ɗaya gwangwanin ya karanta abokiyar karawar: "Ƙaramar Kujera." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

"Rubutunka na, Mushe," ya ce, ba tare da fushi ba. "Ka iske ni buro."

A buro, wato ofishinsa, na faɗi gaskiya duka, har da na'urar da shayin. Ya saurara yana shafa abin da ake magana a kansa. Sannan ya jawo takardata daga ƙarƙashin wasu, ya sa hannu, ya buga hatimi.

"Tahi Konni," in ji shi. "Ban taɓa sa ma takarda hannu da daɗin rai kamar wagga ba."

Haka na koma wajen Hadiza, ba don ƙwazona ba, don an gaji da ganina. Labarin kuwa ya riga ni isa, tun ranar farko yara ke kirana Mushe Tumbi, alhali lokacin siriri nake kamar karan gero.

Yau ni ne darakta a wata makarantar, kuma sunan ya zauna mini daidai, har kujerar buro sai da aka sauya mini. Malamaina suna mamakin yadda duk takardar da aka miƙo mini, ko ta sunayen masu shara ce, sai na karanta ta a zuci sau biyu kafin in buɗe baki.