Wayar Alhaji Badaruddeen da Ba a Taɓa Buɗewa Ba

Duk wanda ya san unguwar Roxy a Adjamé ya san Alhaji Badaruddeen. Wanda bai san shi ba kuwa laifin kansa ne, don Alhaji ya yi iya ƙoƙarinsa. Dillalin shanu ne, amma rabon da a ga kashin saniya a takalminsa an manta. Yanzu ilimi yake rabawa, kyauta, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Allah Ya ba wasu fiƙihu, Ya ba wasu sanin magani, Alhaji kuma Ya ba shi iPhone.

Shekara huɗu ke nan da sayenta. Har yau ledar da ta zo da ita tana manne a fuskarta, ta yi duhu, ta tattare a kusurwa. Kwalin yana cikin sif a gidansa na Saint-Michel, tare da fasfo da takardar fili. In kira ya shigo, sai Alhaji ya ɗaga wayar sama tukuna, ya juya bayanta wajen jama'a, don mai son ganin tambarin ya gani ya ƙoshi. Mutumin ba ya da rowa.

Kullum da hantsi yake buɗe makarantarsa a bencin mai shayi.

"Duniyar waya gida biyu ce," in ji shi. "Akwai gidanmu, akwai gidan Android. Su can, a sayar maka, a yi maka mise à jour, wato sabuntawa, na ɗan lokaci, a ce yako, sai haƙuri, je ka sayi wata. Mu kuwa shekara da shekaru ana aiko mana da sabuntawa. Ko yaushe ka kai ta kasuwa, da mutuncinta za ta fita. Wannan ba waya ba ce, jama'a. Gado ce."

Ni ban ce duk ƙarya yake ba. Matsalar ita ce ilimin Alhaji ya zarce na waɗanda suka ƙera wayar. A kasuwar wayoyi ta Adjamé, tambayar farko da mai saye yake yi ita ce, "Jamais ouvert?" Wato mai gyara bai taɓa kwance ta ya taɓa kayan cikinta ba. Wayar da ba a taɓa buɗewa ba ta fi daraja, kowa ya san haka. Alhaji ya ji wannan, ya yi dogon nazari, ya gano abin da ba wanda ya gano: sabuntawa ma ai buɗewa ce. Wani ne can daga nesa yake shigo maka cikin waya ya sassauya abubuwa. Saboda haka duk safiyar da wayar ta nemi a sabunta ta, sai Alhaji ya danna "Plus tard", wato sai an jima. Shekara huɗu ana jimawa. 'Yan benci suka sa masa Alhaji Pulitar, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Mutum ɗaya ne ya taɓa yi masa tambaya, Gajere, wani dogon mahauci daga Treichville. Wayar Gajere Android ce mai tsagaggiyar fuska, an ɗaure ta da roba, tana ƙamshin kitse. Duk abin da ta tambaye shi sai ya ce mata to, don bai iya musu da na'ura ba.

"Alhaji, to mene ne amfanin aiko maka, in ba ka karɓa?"

Alhaji ya dube shi da tausayi. "Babban mutum ba ya karɓar duk abin da aka miƙo masa, Gajere. Amfanin shi ne a san ana aiko mini."

Ana nan sai ƙungiyar dillalan shanu da mahauta ta ce tana neman sakataren sadarwa, wanda direbobin manyan motoci za su riƙa kira daga hanya, shi kuma ya sanar da jama'a inda kaya suke. Kujerarsa a gaba, kusa da shugaba, hotonsa a kalandar ƙungiya. A nan dole in faɗi gaskiya: Alhaji yana son kujerar nan har cikin ransa. Shekara ashirin yana ƙungiyar ba a taɓa ba shi ko riƙon ƙararrawa ba, ƙannen bayansa duk sun sami muƙami, abin yana ci masa rai. Ya ɗinka sabuwar babbar riga. Ya buga kati. Ya umarci matarsa Delu ta fara kiransa Sakatare don bakinta ya saba. Da ya ji Gajere ne abokin takararsa, dariya ya yi har da riƙe ciki.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka taru a wani tsakar gida a Arras. Shugaba, Malam Gwadabe, dattijo ne mai ƙaramar waya mai tocila, ba ruwansa da gida biyu. Ya ce ba a bukatar jawabi. Alhaji ya miƙe ya yi jawabi.

"Ranka ya daɗe, 'yan'uwa, ba ni kaɗai za ku zaɓa ba. Za ku zaɓi qualité, wato inganci. Wayar nan yadda ta fito daga masana'anta haka take, ba hannun da ya taɓa cikinta, na kusa ko na nesa. Ƙungiya mai daraja ba ta ɗora amanarta a kan abin da aka ɗaure da roba."

"Madalla," in ji Malam Gwadabe. "Motarmu tana Ouangolodougou tun safe, Sha'ibu ne direba. Wanda ya kira shi a bidiyo ya nuna mana shanun, shi ne sakatare. Alhaji, kai ne babba, fara."

Alhaji ya ɗaga wayar sama, ya juya tambarin gabas da yamma, sannan ya taɓa manhajar kira. Wani rubutu ya fito. Manhajar ta ce ta tsufa, daga yau ba ta aiki sai an sabunta ta, ita kuma ba ta sabuntuwa sai an sabunta wayar kanta. Alhaji ya yi murmushi, ya kai yatsa inda ya saba kaiwa. Babu "Plus tard". Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya karkata wayar ya duba gefe.

"Lafiya, Alhaji?"

"Tana gaishe ni ne. Haka suke yi."

Gumi ya fara sauka cikin wuyan sabuwar riga. Ga darajar shekara huɗu a hannu, ga kujera a gaba, dole ɗaya ta tafi. Na ga mutane suna yanke shawarar sayar da gida da fuskar da ba ta kai ta Alhaji nauyi ba. Can dai ya runtse ido, ya yi bismilla, ya danna.

Wayar ta ce babu wuri. Ashe cikinta hotuna ne dubu goma sha ɗaya, kusan duka na Alhaji. Ya shiga gogewa a gaban jama'a, na kusa da shi suna leƙe: Alhaji da rago, Alhaji a jikin motar wani, Alhaji yana duban teku, Alhaji yana duban Alhaji a madubi. Kowanne ya tafi sai ya yi ajiyar zuciya. Da wuri ya samu, wayar ta ce a sa ta a caji tukuna. Soket ɗaya ne a gidan, can bakin ƙofa inda aka tara takalma, igiyar cajin kuma ba ta kai kamu biyu ba. Alhaji ya tattare babbar riga ya tsuguna.

"Saura nawa?" in ji Malam Gwadabe.

"Minti goma sha biyu, ranka ya daɗe."

Aka jira, don dattijon mai adalci ne. Aka sha ruwa, aka yi zancen tsadar dusa.

"Yanzu fa?"

"Minti arba'in da bakwai. Aikin shekara huɗu ne, ba irin na gaggawa ba."

Malam Gwadabe ya juya ga Gajere. Gajere ya goge wayarsa a gefen riga, ya gyara robar, ya danna. Sai ga fuskar Sha'ibu direba, tsagar gilashi ta raba ta biyu, yana cin gyaɗa. Ya zagaya bayan mota ya nuna shanu ɗaya bayan ɗaya. Wayar ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, kowa yana neman nasa, wani har yana yi wa bijiminsa magana. Ba a ma yi ƙuri'a ba. Aka zaunar da Gajere a gaba, aka yi addu'a, aka ɗauki hoto.

Daga nan jama'a suka fara watsewa, kowa kuma sai ya bi ta wajen Alhaji, don takalminsa yana can. "Gafara, Alhaji." "Ɗan ɗaga, Alhaji, ka taka mini silifas." Wasu ma shi ya miƙa musu, tunda yana kusa.

Rana ta kusa faɗuwa sannan wayar ta farka, sabuwa fil a ciki, ta ce masa "Bonjour". Saƙon farko da ya shigo daga zauren ƙungiya ne, sanarwar sabon sakatare, da hoton taro da aka ɗauka da wayar Gajere. Ga Gajere a tsakiya, ga shugaba, ga jama'a. Can a kusurwa, ga wani mutum cikin sabuwar babbar riga, tsugune a tsakiyar takalma, riƙe da igiyar caji hannu bibbiyu. A ƙasa Malam Gwadabe ya sa an rubuta cewa wannan hoton za a sa a kalandar bana.

Alhaji ya daɗe yana kallo. Sannan ya faɗa wa matar gidan, wadda take jira ya tashi ta share wurin, cewa kyamarar Android ba ta fitar da mutum, ba wanda zai gane ko wane ne.

Matar ta leƙa, ta ce, "A'a, Alhaji, ai ka fito sosai."