Kaka Malsun Ta Zaɓi Mai Wuya

"Sannu da hutawa, ɗalibar da ta girmi shugaban makaranta."

"Yauwa, sarkin barci a aji. Ina saƙona?"

Jaegyu ɗana ne, yana ajin ƙarshe na sakandare. Malsun kuwa mahaifiyata ce, Inna nake ce mata, shekararta saba'in da ɗaya. Da ta bar sayar da kifi a kasuwar garinmu Mokpo sai ta shiga makarantar manya, bana za ta shiga aji biyu na babbar sakandare. An ba su takardar zaɓen darasin Turanci mai zaɓi uku, kowane da littafinsa, jibi za a mayar, shi ne ta aike shi kantin littattafai. Ni ina gefe ina ɓare tafarnuwa.

Ta jujjuya littafin. "Wannan mai hotunan fa?"

"Turancin hira ne. Ina kwana, nawa ne kifi, sai an jima. Daidai da haƙoranki huɗu."

"Huɗun nan sun tauna abin da talatin ɗinka ba su taɓa gani ba. Na uku na ce ka sayo."

"Kaka, kin karanta sharuɗɗan na ukun kuwa?" Ya janyo takardar. "Karatu da rubutu mai zurfi. Littafi uku a zango, ba hoto ko ɗaya. Rubutu shafi biyu duk mako. A tsaya gaban aji minti biyar ana magana da ka. A ajinmu mutum huɗu suka ɗauka, biyu sun gudu kafin sanyi ya shigo."

"Kai kana cikin masu gudun, ko ko ƙofar ba ka leƙa ba?"

"Iya ruwa fid da kai."

"Gemu dai ba ya hana ilimi."

"Ai ba ki da gemun."

"Kai ma ba ka da shi, ga ilimin ma babu."

"To ji na ƙarshe, tsohuwa. Sharaɗin shi ne, sai wanda ya ci maki saba'in a Turanci bara ake ɗauka."

Ta laluba aljihun rigarta, ta miƙa masa wata takarda a ninke. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo.

"Tamanin da takwas. Ta wa kika sato?"

"Sunan wa ka gani a sama?"

"Ni sittin da biyu na ci," ya faɗa a hankali.

"Na sani. Duk unguwa ta sani."

"Amma me za ki yi da wannan wahalar? Aure za ki sake a Landan?"

Sai ta ɗauko wasiƙar Malja, ƙanwarta da aka kai gidan marayu tana shekara biyar, daga can aka wuce da ita ƙasar waje. Shekara biyu ke nan da suka gano juna, Malja kuwa ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarenmu. Inna ta ɗora yatsa kan layin farko, ta fara karantawa da Turanci, tana tsayawa tana ci gaba, har ƙasan shafin. Na ajiye wuƙar. Ban san ta kai nan ba.

"Waya za ta iya fassara miki amsa," in ji Jaegyu, muryarsa ta sauka.

"Waya ce ta goya ta? Da hannuna zan rubuta mata, tun muna da sauran numfashi mu biyun."

Ya karɓi wasiƙar da hannu biyu, ya bi layukan da ido.

"Gobe zan sauya littafin. Kaka, wannan kalmar ta layi na shida, me take nufi?"

Inna ta yi dariya har da tari. Ta ɓalla gasasshen dankali gida biyu, ta tura masa babban.

"Ci tukuna. Ba na koyar da mai jin yunwa."